Zuwa ga Malamin da ya ce takarduna uku ha'inci ne

Assalamu alaikum, Malam.

Ranar taron iyaye da malamai ka miƙe a gaban kowa ka jefo mini tambaya. Kafin in buɗe baki shugaban taro ya ce lokaci ya ƙure, aka shafa fatiha aka watse. Mutane sun tafi gida da tambayarka a kunnensu, babu amsata. Tunda a bainar jama'a ka yi ta, a bainar jama'a zan amsa.

Ka ce ka samu labarin ina raba wa ɗalibai takardu iri uku a darasin da ke bayanin dalilin da ya sa al'umma take da doka: doguwa ga waɗanda karatunsu ya nuna, gajeriya ga na tsakiya, mai hotuna ga waɗanda har yanzu suke haɗa baƙi. Sai ka tambaya, ta yaya malamar da ta kasa yara kashi uku za ta koya musu cewa kowa ɗaya ne a gaban doka? Ka ce wannan ha'inci ne ga yaran baya. Ka ƙara da cewa yaron da bai iya karanta sakin layi ɗaya ba babu ruwansa da dalilin doka, a koya masa karatu tukuna, kafin nan ya bi abin da aka ce masa.

Kalmar ha'inci ce ta hana ni barci. Shekara 19 ke nan ina riƙe da alli, an ce mini mai tsanani, an ce mini mai taurin kai, duk na haɗiye. Amma a ce ina cutar yaran da saboda su nake raba dare ina yanka takarda ina manna hoto, wannan ba zan haɗiye shi ba. Kuma daga bakinka ya fito, kai da ka zauna a bayan ajina kana duba aikina lokacin ina sabuwar malama, ka san irin aikin da nake yi.

Wanda ya kawo maka labarin ya ga takardu, bai ga darasi ba. Darasin ba da takarda yake farawa ba. Nakan fita da su fili in jefa ƙwallo a tsakiya in ce a buga, babu ƙa'ida ko ɗaya. Ba a minti 5 sai wani ya ɗauke ta da hannu ya ruga, manya sun mamaye wasan, ƙanana sun koma gefe, wani yana kuka, biyu suna musu a kan ko an ci ko ba a ci ba. Sai mu koma aji in yi musu tambayoyi uku, kuma waɗannan ukun su ne darasin gaba ɗaya: wa ya sha wahala da babu doka, wace doka za ta kare shi, kuma wa ya kamata ya iya sauya ta idan ta zama ta zalunci? Kowane yaro a ajin, daga mai karanta jarida har wanda bai gama rarrabe b da d ba, waɗannan tambayoyin yake amsawa. Kalmomin da nake so su fita da su ma ɗaya ne ga kowa: doka, haƙƙi, hukunci, shaida, yarjejeniya.

Bayan haka takardu suke zuwa. Doguwar tana ba da labarin dokokin Hammurabi, sarkin Babila, su 282 da aka sassaƙa a jikin dutse kusan shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, da yadda hukuncin laifi ɗaya yake bambanta a cikinsu gwargwadon matsayin wanda aka yi wa laifin. Gajeriyar tana ba da labarin ƙasar Suwidin, inda ranar 3 ga Satumba 1967, da ƙarfe 5 na asuba, duk ƙasar ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. Mai hotunan tana nuna mararraba ɗaya sau huɗu, da fitila da babu fitila, da jimla guda a ƙarƙashin kowane hoto. Daga nan sai in cakuɗa su, kowane rukuni da mai kowace takarda, don babu wanda zai iya kammala aikin sai ya ji abin da ke hannun ɗan'uwansa. Mai labarin Suwidin ne zai fahimtar da sauran cewa akwai dokar da ba ta raba alheri da sharri, hagu ba zunubi ba ne, dama ba lada ba ce, amfaninta kawai kowa ya bi hanya ɗaya kada a yi karo. Mai labarin Hammurabi ne zai kawo musu cewa doka tana iya zama a rubuce kuma ta fifita wani a kan wani. Mai hotuna shi ne yake fara magana, domin tasa ce tushen sauran.

Ba zan ɓoye maka ba, yara sun san wa ke riƙe da wace takarda. Ban rubuta suna ko daraja a kansu ba, girmansu ɗaya, kuma duk wanda ya ce zai gwada ta gaba ina miƙa masa, amma yaro ba wawa ba ne. Wannan yana damuna, kuma da a nan ka tsaya da na ce ka taɓa gaskiya. To amma na shekara da shekaru ina raba takarda ɗaya ga kowa, na kuma ga abin da take haifarwa. Yaro ya zauna minti 40 ya kafa wa shafi ido, yana juya shi lokacin da ya ga maƙwabcinsa ya juya, yana addu'a kada in kira sunansa. Shi ma ajin duka sun san halin da yake ciki. Bambancin kawai, a wancan tsarin ya fita bai samu komai ba. Idan akwai ha'inci, a can na yi shi, kuma shi ya sa na daina.

Yanzu maganarka ta biyu, wadda ta fi ta farko haɗari ko da ba ta kai ta ciwo ba: wai sai yaro ya iya karatu zai san dalilin doka. Malam, 'yan Adam sun daɗe suna fahimtar doka da kunne kafin su same ta a takarda. A tsibirin Ayislan, tun daga wajen shekara ta 930, akwai mutumin da aikinsa shi ne ya haddace dokokin ƙasa ya faɗe su da ka a gaban taron shekara, kashi ɗaya cikin uku kowace shekara, har ya kammala a shekara uku na wa'adinsa. Sai a 1117 aka fara rubuta su. A tsohuwar Roma, talakawa ne suka matsa lamba aka rubuta dokoki a alluna 12 wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kafe su a dandali, domin sun gaji da dokar da manya kaɗai suka sani suna juya ta yadda suka so. Ƙarnuka huɗu bayan haka Sisero, wani marubucin Roma, ya ba da labarin cewa suna yara haddace waɗannan alluna suke yi kamar waƙa.

Kai da ka koyar da masu koyon malanta ka fi ni sanin Jean Piaget, masanin tunanin yara. A binciken da ya wallafa a 1932, da ya so ya gano yadda yara suke fahimtar doka, zama ya yi da su suna wasan 'yan duwatsun gilashi yana tambayarsu wa ya kafa ƙa'idar wasan, kuma ko za a iya sauya ta. Ƙanana suka ɗauki ƙa'ida abu ne da ya sauko daga manya wanda ba a taɓawa. Waɗanda suka kai shekara 10 zuwa sama suka ce yarjejeniya ce, ana iya sauya ta idan 'yan wasa sun yarda. A wurin wasa da musu da abokai suka kai ga wannan, babu wanda ya ba su jarrabawar karatu kafin nan. Masu binciken karatu ma, tun aikin Gough da Tunmer na 1986, suna raba abu biyu: iya fitar da kalma daga baƙaƙe, da iya fahimtar magana. Yaro na iya yin rauni a na farko ya yi ƙarfi a na biyu. Ina da irinsu a kowane aji. Bana ma, wani yaro da ke cikin masu takardar hotuna ne ya ce, bayan wasan ƙwallon nan, ai doka ce ke sa ƙarami ma ya samu ya taɓa ƙwallo. Shi ne mafi ƙanƙanta a ajin. Masu doguwar takarda sun rubuta mini shafi guda ba su kai inda ya kai ba.

Kuma jira har yaushe? A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Idan aka bi shawararka, yara bakwai cikin goma za su girma an ce musu su bi kawai. Su ne gobe za a miƙa wa takarda a ce su dangwala yatsa, su ne za a ce wa doka ta ce alhali ba ta ce ba. Wanda bai iya karanta doka da kansa ba ya fi kowa bukatar ya san me aka yi ta dominsa, don ya gane ranar da aka juya ta a kansa. Karatun ma ban ajiye shi ba. Jimla huɗun nan da ke ƙarƙashin hotuna darasin karatu ne, kuma yaro ya fi dagewa a kan jimlar da yake son sanin abin da ta ce.

Sauran abubuwan da ka ambata ba zan daɗe a kansu ba. Ajina yana da hayaniya a wannan darasi, gaskiya ne, yara 50 suna muhawara dole a ji su. Batun cewa tambayar dalili tana koya wa yara raina doka, ni abin da na gani shi ne ƙa'idar da suka sa hannu aka kafa sun fi ni tsare ta.

Akwai abin da ban so faɗa ba, amma tunda ka kira ni maha'inciya a gaban iyayen ɗalibaina, dole in faɗa. Kana cikin kwamitin da ya zaɓa mana littafi ɗaya tilo na wannan fanni. Babin doka a cikinsa shafi 6 ne na dogayen jimloli, da kalmomin da ni kaina sai na tsaya na warware su, babu hoto, babu labari, babu tambayar da yaro zai amsa daga rayuwarsa. Takarduna uku shaida ce cewa littafin bai ishi ajin ba, kuma ina zaton wannan ne ya yi maka zafi fiye da makomar yaran baya. In na yi kuskure a zatona, Allah ya yafe mini, kai ma ka yafe. Amma sau biyu na rubuta wa kwamitin ina roƙon a ba mu littafi mai matakai, ko a bar mu mu zauna da ku kafin a zaɓa, ba a ba ni amsa ba. Haka abin yake kullum. Masu tsara manhaja suna rubuta ta kamar yaro ɗaya ne a aji, mai shekara daidai, mai karatu daidai, wanda bai taɓa fashin zango ba. Sai a miƙo mana yara 50 da tazarar karatunsu ta kai aji huɗu, a ce mu gama babi a mako biyu. Malamin da ya bi littafi ya bar rabin aji a baya ba wanda zai tuhume shi a taro. Wanda ya nemi dabara da kuɗin aljihunsa shi ake miƙewa a tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a taɓa tambayarmu ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya sa na kasa yin shiru. Lokacin da kake cewa yaron da bai iya karatu ba babu ruwansa da dalilin doka, mahaifiyar yaron nan da na ba ka labari tana zaune a layi na uku. Washegari ta zo ta same ni a bakin aji, ta sunkuyar da kai, ta tambaye ni ko ɗanta yana ɓata wa sauran lokaci ne, ko gara ta cire shi ta kai shi koyon sana'a tunda babban malami ya ce irinsa ba su da rabo a nan. Na zaunar da ita, na faɗa mata abin da ɗanta ya ce a aji, na nuna mata jimlolin da ya karanta da kansa a wannan zangon. Ta saurare ni, ta yi godiya, amma na ga maganarka ta fi tawa nauyi a wurinta, domin kai ne babba kuma a gaban jama'a ka faɗa.

Ban nemi ka janye kalmar da ka jefe ni da ita ba. Abin da nake roƙo, a taro mai zuwa ka sake miƙewa a wurin da ka tsaya, ka faɗa wa wannan baiwar Allah da bakinka cewa ta bar ɗanta a makaranta. Har yau yana zuwa, amma ta ce mini sai ƙarshen zango za ta yanke shawara.

Wassalam,
Malamar ajin da ka yi magana a kansa