A sa gyara da horo cikin yarjejeniyar na'urorin filin jirgi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana kan sababbin na'urorin tsaro na filayen jiragen samanmu.

A 2024 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ƙarƙashin Minista Olubunmi Tunji-Ojo, ta fara kafa ƙofofi masu tantance matafiyi da kansu a Abuja da Legas. Ka ɗora fasfo, ka dubi kyamara, ƙofa ta buɗe. Kano, Inugu da Fatakwal ma suna cikin tsarin. Na yi murna ƙwarai, domin duk wanda ya taɓa tarbo tsohuwa daga Umara ya ga yadda take fitowa ƙafa a kumbure bayan doguwar tsayuwa a layi.

Abin da ke damuna shi ne abin da aka rubuta a takarda tsakanin gwamnati da kamfanonin da ke kawo kayan nan. Gwamnati ba ta ƙera na'ura, saye take yi. To, ranar da na'ura ta tsaya, wa zai gyara? Daga ina za a samo kayan gyara, kuma cikin kwana nawa? Mu nan Kano mun san abin da ƙurar hunturu ke yi wa duk wani abu mai lantarki, balle a haɗa da ɗaukewar wuta. Na'urar da aka gwada a Turai cikin ɗaki mai sanyi, sai an yi mata tanadi na daban kafin ta jure watan Janairu a filin jirgin Malam Aminu Kano.

Mun taɓa bin wannan hanya. Bayan Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin Amstadam zuwa Ditiroit ranar 25 ga Disamba, 2009, hukumomi suka sanar da sayen na'urorin da ke haska jikin fasinja. Ya kamata a faɗa mana nawa ne daga cikinsu suka yi aiki, kuma na tsawon wane lokaci.

Ko Ingila, da duk kuɗinta, ta sha wuya. Gwamnatinsu ta ba manyan filayen jirgi wa'adin Yunin 2024 su girka na'urorin da ke nuna cikin jaka ta kowane ɓangare, domin a daina taƙaita ruwa da turare ga mililita 100. Heathrow, Gatwick da Manchesta ba su cika wa'adin ba. Ƙananan filayen da suka riga suka gama kuma, aka dawo musu da tsohuwar dokar a watan na Yunin 2024.

Saboda haka nake kira ga Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, da hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa (FAAN) da ta Shige da Fice: kada a biya kamfani cikon kuɗinsa sai ya horar da injiniyoyinmu, ya ajiye kayan gyara a cikin ƙasa. Muna da matasa a Kwalejin Sufurin Jiragen Sama ta Zariya da za su iya. Sannan a bayyana mana a hannun wa hotunan fuskokinmu suke zama, tunda akwai Dokar Kare Bayanai ta 2023.

Ina roƙon ka tura wakilinka ya nemi ganin waɗannan yarjejeniyoyi, ya kuma ƙirga mana na'urorin da ke aiki a Kano kafin jigilar alhazai ta bana.

Na gode.

Naka mai karatu,
daga Fagge, Kano.