Wasiƙa daga Bauchi kan kuɗin gininka da ajiyar su Goggo

Assalamu alaikum, Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya sanyin Ingila? Mu nan damina ta kankama, waɗanda suka fito daga Dass da Toro suna ta yabon masara. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na biya na gaida Hajiya, na same ta garau, ta ce in faɗa maka man zafin da ka aiko ya yi mata amfani.

Na ga saƙonka, inda kake tambaya ko ka ci gaba da tara kuɗin ginin a asusu ɗaya har su isa a ɗora rufi. Na ƙi ba ka amsa ta waya ne don maganar ta fi ƙarfin minti biyu, kuma akwai abin da ban taɓa ba ka labarinsa ba.

Ka san Goggo ita ce uwar adashen matan layinsu a kasuwar Muda Lawal, masu daddawa da kuka da man gyaɗa. Da can a cikin kwalla take adana zubin, ƙarƙashin gado. Ni ne na matsa mata ta kai wani ƙaramin banki, don ina tsoron ɓarayi da gobara. A watan Mayun 2023 Babban Banki ya soke lasisin ƙananan bankuna 179 a ƙasar nan, nasu yana ciki. Da safe ta aiko jikanta ya kira ni. Na tarar da ita a bakin ƙofar bankin, an garƙame da kwaɗo, an manna takarda da Turanci. Ta kwance littafin ajiyarta daga cikin leda, ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Ɗan nan, karanta mini, me suka ce a kan kuɗin mutane?" Ba ta ce kuɗina ba. Har yau wannan kalmar tana cin raina.

Abin da na gano daga baya shi ne, a lokacin inshorar ajiya, wato kuɗin da ake tabbatar da biyan mai ajiya idan banki ya durƙushe, a irin waɗannan bankuna ta tsaya ne a naira 200,000 ga kowane mai ajiya. Asusun kuma da sunanta yake ita kaɗai, saboda haka zubin mata fiye da talatin ajiyar mutum ɗaya ce a lissafi. Abin da ya haura sai an sayar da kadarorin bankin, an karɓo basussukan da yake bi, sannan a raba abin da ya samu. Mai kwasar wannan watan auren 'yarta ya matso. Goggo ta sayar da tumakinta biyu da 'yan kunnenta na zinare ta cika mata, ba ta bari kowa ya sani ba sai bayan biki.

Tun daga ranar nake bin diddigin maganar, kuma abin da na fahimta ke nan: rabon Goggo ba a bakin ƙofar nan aka yanke shi ba. An yanke shi tun da daɗewa a Abuja, cikin dokoki da ƙa'idojin da aka rubuta lokacin da ba wanda yake kuka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda zai samu da wanda zai rasa, da wanda za a fara biya da wanda zai jira, a rubuce suke kafin a sayo kwaɗon.

Kana tuna yadda muke alfahari da Inland Bank muna samari, muna cewa bankinmu na Bauchi? Da gwamnan Babban Banki na lokacin, Soludo, ya ce kowane banki sai ya mallaki jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, Inland ɗin ma ya narke cikin First Inland, wanda ya koma FinBank. A Agustan 2009 FinBank na cikin bankuna biyar da Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabanninsu, aka zuba musu naira biliyan 420, kafin ƙarshen shekarar kuɗin ceton ya kai biliyan 620. Daga baya FCMB ya haɗiye shi. Masu ajiya ba su rasa ko kwabo ba a wannan karon, masu hannun jari ne suka ji jiki. To amma kuɗin ceton ba daga sama ya faɗo ba. A 2010 majalisa ta yi dokar kafa AMCON don ta sayi rubabbun basussukan bankuna, da tunanin shekara goma za ta yi ta tattara. Ga ta nan har yau, tana bin bashin tiriliyoyin naira, an gyara dokarta a 2015 da 2019 da 2021. A 2018 ma ta hannunta aka zuba naira biliyan 786 lokacin da Skye Bank ya koma Polaris. Bashin manyan mutane ne, ɗaukarsa kuma ta kowa ce.

A zamanin soja ba mu da bakin magana. Da dokar soja aka kafa NDIC, hukumar inshorar ajiya, a 1988, da ita aka kafa kotunan bankunan da suka durƙushe a 1994, kuma a Janairun 1998 aka rufe bankuna 26 a tashi ɗaya. Yanzu kuwa muna da sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360, uku da sha biyu daga cikinsu namu ne na jihar Bauchi. Sashe na 88 na tsarin mulki ya ba su ikon su binciki yadda ake aiwatar da duk dokar da suka yi. Wannan ikon ne nake so in ga ana mora.

Ba zan ci haƙƙinsu ba, sun yi aiki. Dokar bankuna ta 2020, wadda kwamitin Sanata Uba Sani ya yi aiki a kanta har Buhari ya sa hannu a Nuwamba, ita ta maye gurbin ta 1991 da ta tsufa. Ta tanadi asusu na musamman da bankuna da kansu za su riƙa zuba kuɗi a ciki don ranar da wani banki zai durƙushe, kuma wannan daidai ne, mai kaya shi ya kamata ya fara ɗaukar kayansa. Amma ta kuma tara wa Babban Banki iko mai yawa. Idan ya soke lasisi, ko mai banki ya yi nasara a kotu, diyyar kuɗi kawai zai samu, banki ba ya dawowa. Na san dalili: Savannah Bank an rufe shi a 2002, sai a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a mayar masa da lasisi, masu ajiya kuwa suna rataye duk tsawon shekarun. Saboda haka ban ƙi a ba Babban Banki wuƙa mai kaifi ba. Abin da nake cewa, wanda ya miƙa wuƙar wajibi ne ya riƙa duba abin da ake yankawa da ita.

Ga misalin da ya fi damuna. Iyakar inshora a manyan bankuna ta zauna a naira 500,000 tun 2010 har zuwa Mayun 2024, lokacin da NDIC ta ɗaga ta zuwa miliyan 5, ta ƙananan bankuna kuma zuwa miliyan 2. A 2010 dala tana kusan naira 150, a 2024 ta haura 1,400. Shekara 14 naira tana zubewa, iyakar tana nan inda take. Wata ɗaya bayan ɗagawar, ranar 3 ga Yunin 2024, aka soke lasisin Heritage Bank. Da a ce ya faɗi a watan Afrilu fa? Tazarar makonni kaɗan ce ta ninka kariyar mutane sau goma. Bai kamata abu irin wannan ya dogara da dacewar lokaci ba. Kamata ya yi kwamiti ya riƙa kiran hukumomin nan kowace shekara, a bainar jama'a, ya tambaye su: iyakar nan har yanzu tana da daraja? Nawa aka ƙwato daga bankunan da aka rufe, wa aka sayar wa kadarorinsu, a nawa? Asusun ƙungiya da na adashe fa, don me ba za a lissafa shi bisa kawunan masu zubi ba? A cikin dokar ma za a iya ɗaure su da sake duba iyakar bayan 'yan shekaru ƙayyadaddu.

Kuma zaman jin ra'ayin jama'a da ake yi a Abuja, wa yake iya zuwa? Bankuna suna da lauyoyi da masu rubuta musu takarda. Goggo ba ta da kuɗin mota, kuma ko ta je ba da harshenta ake magana ba. Me zai hana a kawo zama ɗaya Bauchi ko Gombe, a yi shi da Hausa da Fulfulde, a sa a rediyo?

Shi ya sa nake da roƙo a wurinka. Ka taɓa ba ni labarin layin da mutane suka yi a ƙofar bankin Northern Rock na can Ingila a 2007, da yadda kwamitin majalisarsu ya titsiye gwamnan babban bankinsu da tambayoyi kafin a yi dokar bankunansu ta 2009. Ina so ka samo mini yadda suke karɓar koken talaka a rubuce, da abin da ke tilasta wa gwamnati ta ba kwamiti amsa. Mu shida ne nan, da malamai biyu da wani tsohon akawun banki, muna rubuta takarda zuwa ga ɗan majalisarmu a kan asusun adashe, muna so mu miƙa masa hannu da hannu idan ya zo hutu.

Batun kuɗinka kuwa, kada ka bar sama da miliyan 5 a banki ɗaya. Iyakar ta kowane mai ajiya ce a kowane banki, don haka buɗe asusu biyu a banki guda ba ya ƙara maka komai. Waɗanda ajiyarsu ta haura iyaka a Heritage, kason farko da aka raba musu a Afrilun 2025 bai kai kwabo 10 a kan kowace naira ba. Ka raba su banki biyu ko uku, ka tabbatar lambar BVN ɗinka tana haɗe da kowanne, don ta nan aka biya mutane da sauri. Abin da ya isa sayen bulo da rodi kuma ka turo a saya, zan sa a jera su a filin, maigadi yana nan.

Goggo ta ce in gaishe ka da kyau. Ta ci gaba da adashenta, amma kwallar ta koma ƙarƙashin gado, kuma ban sake ce mata komai ba. Ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka amini.