Wasiƙa zuwa ga ɗana mai noma a Kaltungo

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ka fara sabawa da wurin. Innarka ta ce ka kama gona har ka fara shara. Madalla, Allah ya sa albarka. Sai dai damina ta ƙarato, kuma ƙasar da ka sauka ƙasar kububuwa ce, shi ya sa na kasa yin shiru.

Kada ƙanƙantarta ta ruɗe ka. Da ƙyar take wuce kamu ɗaya, ruwan ƙasa ce mai ɗigo-ɗigon fari, idan ta kwanta cikin busasshen ganye sai ka taka ta ba ka gani ba. Da rana tana laɓe ƙarƙashin dutse ko tarin kara, da magariba ta fito farauta. In ta ji tsoro takan naɗe, ta riƙa goga jikinta da jikinta, ka ji wani sauti kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Ka ji wannan, ja da baya.

Wasu macizai masu fasa kai jijiya dafinsu yake kamawa, fatar ido ta faɗi, numfashi ya gagara. Na kububuwa jini yake bi. Yana cinye sinadarin da ke sa jini ya daskare har ya ƙare kaf, daga nan jini ba ya tsayawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mutum ba ya ganin haɗarin da wuri. Zai ga kumburi, ya ji raɗaɗi, ya ce da sauƙi, ya ci tuwonsa ya kwanta. Can sai dasashi ya fara jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya yi ja, wani kuma jinin ya zuba a ƙwaƙwalwa. Cikin mutum 100 da ba su sami magani ba, 10 zuwa 20 kan rasu.

Saboda haka in ta sare ka, Allah ya kiyaye, kada ka yarda a yi maka tsaga. Ka tuna jinin ba ya tsayawa, aska ƙofa za ta ƙara buɗe masa. Kada a ɗaure ƙafar tamau, kada a tsotsa, kada ka sha asfirin. Cire zobe, rage motsi, a ɗauke ka zuwa asibitin saran maciji da ke nan Kaltungo a wannan sa'ar, ko da kana jin garau. Za su zuba jininka a busasshiyar kwalbar gilashi su jira minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga, sai su ba ka maganin dafin ta jijiyar jini. Daga jinin dawakai ko tumaki ake haɗa shi, kuma yana aiki in an je da wuri.

Na san za a nuna maka mai magani a ƙauye, a ce ya gada. Girmama shi, amma asibiti za ka.

Na ba ƙaninka kuɗi ya saya maka takalmin roba mai tsawo da tocila. Sa shi kullum, ko zafi ya dame ka. Kada ka cusa hannu cikin rami ko dami sai ka taɓa da sanda, kuma ka kwana a kan gado cikin gidan sauro.

Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka kira mu ranar Juma'a.

Mahaifinka.