Wahalar Girafin Tana Wajen Samun Falle Ɗaya Tak

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi tsokaci a kan girafin, wato fallen sinadarin kabon wanda kaurinsa bai wuce ƙwayar zarra ɗaya ba. Ana yawan yabonsa saboda ƙarfinsa da saurin gudun lantarki a cikinsa, kuma yabon gaskiya ne, sai dai ba kasafai ake nuna wa mai karatu inda gizo ke saƙar ba: yadda za a samu falle mai faɗi wanda kaurinsa ya zo daidai ko'ina.

A shekarar 2004 ne Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Mancesta a Ingila suka ɓamɓaro girafin da salatif daga girafait, irin baƙin da ke cikin fensir, aikin da ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2010. Amma abin da salatif ke ɗaukowa ɓarɓashi ne da sai da madubin ƙara girma ake ganinsa, kuma ba a gina masana'anta a kan ɓarɓashi.

Shi ya sa aka koma ga tsiro da shi a kan ƙarfe ta hanyar iskar gas. Ana sanya fallen jan ƙarfe a cikin bututu mai jure wuta, a zafafa shi zuwa kusan digiri 1,000 a ma'aunin Selsiyas, sannan a tura iskar metan da ta haidurojin. Idan metan ta taɓa ƙarfen sai ta tarwatse, ƙwayoyin kabon su zauna su jeru kamar saƙar zuma. Zafin nan dab yake da digiri 1,085 inda jan ƙarfe ke narkewa, saboda haka ba a wasa da ma'auni.

Abin da ya fi burge ni shi ne bambancin jan ƙarfe da nikel, wani ƙarfen da shi ma ake tsiro da girafin a kansa. Nikel yana shanye kabon lokacin da yake da zafi, idan ya fara hucewa kuma sai ya amayar da shi, a wayi gari wani wuri falle ɗaya, wani wuri fallaye da yawa. Shi kuwa jan ƙarfe kusan ba ya shan kabon, aikin duk a fuskarsa ake yinsa, kuma da zarar falle na farko ya rufe fuskar, metan ba ta ƙara samun inda za ta tarwatse, sai tsiron ya tsaya da kansa. Ƙungiyar Rodney Ruoff ta Jami'ar Teksas da ke Ostin a Amurka ce ta nuna haka a 2009, kuma a 2010 masu bincike a Koriya ta Kudu suka samar da falle mai inci 30.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Girafin yana fara tsirowa ne a wurare barkatai kamar tsibirai, kuma inda tsibiri biyu suka haɗu a karkace sai a samu tabon mahaɗa da ke rage gudun lantarki. Idan ƙarfen ya huce yana tsukewa, fallen kuma ya tattare. Sannan ga aikin ɗauke shi: a shafa masa roba siririya, a narkar da jan ƙarfen da sinadari, a ɗora fallen a kan gilashi ko silikon, kuma a nan ne yake yagewa ko ya kwashi datti.

Don haka ina kira ga marubutanku na shafin kimiyya, duk lokacin da suka samu labarin wata na'ura da aka ce an yi da girafin, su tambaya ko falle nawa ne, a kan wane ƙarfe aka tsiro da shi, kuma a wane hali ya kai inda aka ɗora shi.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku