Sirrin miyar kwalba ba ya cikin takardar da aka kulle

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wata magana da ake yawan maimaitawa duk lokacin da aka zo batun shahararrun miyar kwalba da manyan kamfanoni ke sayarwa a duniya, wato wai kowacce tana da wani haɗi da aka rubuta a takarda aka kulle, wanda mutum biyu ko uku kaɗai suka san abin da ke ciki. Ba na musun cewa kamfanoni suna ɓoye wasu abubuwa, amma a ganina ba a nan gizo ke saƙar ba.

A ɗauki Tabasco, wadda Edmund McIlhenny ya fara yi a shekarar 1868 a Avery Island da ke jihar Luwiziyana ta Amurka. Kayan haɗinta uku ne, kuma a rubuce suke a jikin kowace kwalba: barkono, gishiri da ruwan kal. Bugu da ƙari, mutumin ya yi wa hanyar haɗinsa rajistar haƙƙin ƙirƙira a 1870, wanda hakan ke nufin shi da kansa ya bayyana wa hukuma yadda yake yi. To ina sirrin yake? Yana gona, yana kuma cikin ganga. Kamfanin ne ke riƙe da irin barkonon, shi ke rarraba wa manoman da ke yi masa noma, akasarinsu a ƙasashen Latin Amurka. Masu tsinka sukan riƙe wata 'yar sanda mai jan fenti, su kara ta jikin barkonon, wanda jansa bai kai na sandar ba a bar shi a jikin uwarsa. A ranar da aka tsinka ake markaɗe shi da gishiri, daga baya a zuba a gangunan katako, a lulluɓe murfin da gishiri, a bar shi ya tsumu har tsawon shekara uku kafin a gauraya shi da ruwan kal a tace. Duk wanda aka miƙa wa wannan bayani a yau, sai ya tanadi irin, da manoman, da rumbun ganguna, da jarin da zai kwanta shekara uku bai kawo ko kwabo ba.

Abin da ya faru da miyar sriracha ta kamfanin Huy Fong ya fi fito da maganar fili. David Tran, ɗan gudun hijira daga Biyetnam, ya kafa kamfanin a birnin Los Angeles a 1980, kuma kusan shekara talatin gonar Underwood Ranches da ke Kalifoniya ce ke noma masa jan barkono. Da suka ɓata a kan kuɗi, maganar ta kai kotu, inda a 2019 aka yanke cewa kamfanin ya biya gonar diyyar sama da dala miliyan 23. Bayan rabuwar sai ya koma neman barkono a wasu wurare, aka kuma yi ta fama da ƙarancin miyar a kasuwa a 2022 da 2023, masu saye da dama suka riƙa ƙorafin cewa ɗanɗanon ba kamar da ba. Babu wanda ya sace masa takarda a duk tsawon wannan lokaci. Manomi kawai ya rasa.

Inda labarin sirri ya fi kauri shi ne miyar Lea & Perrins, wadda wasu masu haɗa magunguna biyu, John Lea da William Perrins, suka fara sayarwa a garin Worcester na Ingila wajen 1837. Ana cewa wani basarake da ya taɓa mulkin Bengal ne ya kawo musu haɗin daga Indiya, suka gwada ya ƙi ciwuwa, suka manta da gangar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai bayan dogon lokaci suka tarar ta yi daɗi. Labari ne mai daɗin ji, sai dai masana tarihi sun duba jerin gwamnonin Bengal ba su ga sunan basaraken ba. A 2009 kuma jaridun Birtaniya suka ruwaito cewa wani tsohon akanta na kamfanin ya taɓa tsintar tsofaffin takardun haɗin a cikin shara. Kamfanin bai durƙushe ba, domin manyan kayan da ma suna jikin kwalba: ruwan kal, maɗin rake, sukari, gishiri, ƙananan kifin teku, tsamiya, albasa da tafarnuwa. Abin da ke da wuyar kwaikwayo shi ne watanni goma sha takwas da ake ɗauka ana tsima su, da sanin wanda ake fara zubawa da wanda ke biyo baya.

Dalilin da ya sa kamfanoni suka fi son rufa-rufa a kan rajista ba ɓoyayye ba ne. Rajistar haƙƙin ƙirƙira a yawancin ƙasashe shekara 20 take yi, kuma sharaɗinta shi ne a bayyana komai, bayan wa'adin kowa ya ɗauka ya yi nasa. Sirrin kasuwanci kuwa ba shi da wa'adi muddin ba a fallasa shi ba, amma doka ba ta hana wani ya sayi kwalba ya kai ɗakin gwaji ya gano abin da ke ciki. Manyan abokan hamayya suna da na'urorin yin hakan, don haka da wuya a ce ba su sani ba. Sun dai fahimci cewa ko sun yi irinta sak, sunan da ke jikin kwalbar ne mai saye ke nema. Shi ya sa ma McDonald's, kamfanin gidajen cin abinci na Amurka, bai ji tsoron barin babban mai dafa abincinsa ya nuna yadda ake haɗa miyar Big Mac, wato shahararren burodinsa mai nama a tsakiya, a wani bidiyo a 2012 ba.

Akwai kuma iƙirarin cewa haɗin bai taɓa sauyawa ba tun zamanin kakanni, wanda shi ma talla ce. Heinz ya fara sayar da miyar tumatirinsa a 1876, ya sake mata fasali wajen 1906 lokacin da ya daina sa sinadarin hana lalacewa, ya ƙara ruwan kal da sukari a madadinsa. A yau ma wadda aka saba sayarwa a Amurka da zaƙin masara ake yin ta, ta Birtaniya kuwa da sukari. Lea & Perrins ta Amurka da ta Ingila su ma ba iri ɗaya ne ruwan kal ɗinsu ba.

Wurin da nake ganin ya kamata 'yan jarida su sa ido shi ne 'yan kalmomin nan da ke ƙarshen jerin kayan haɗi, wato “kayan ƙamshi” da “kayan ɗanɗano”, domin a ƙarƙashinsu ne doka ta yarda kamfani ya dunƙule abubuwa da yawa ba tare da ya ambaci sunan kowanne ba. Babu laifi kamfani ya ɓoye awon kanumfari ko na barkono. Amma akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar kifi, ko alkama, ko riɗi, har abin ya kai su asibiti, kuma ba kowa ne zai yi zaton akwai kifi a cikin baƙar miya mai tsami irin ta Lea & Perrins ba. Tarayyar Turai ta wajabta bayyana abubuwa 14 irin waɗannan, Amurka kuma ta ƙara riɗi ya zama na tara a jerinta daga 2023, sannan akwai ƙasashen da ko dokar tana nan ba a bibiyarta. Ina roƙon jaridar nan ta ware fili ta koya wa masu karatu yadda ake duba takardar jikin kwalba, tun daga sanin cewa abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki, har zuwa inda ake samun gargaɗin abubuwan da ke tayar wa wasu da ciwo.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani mai karatu