Wasiƙar Godiya Ga Maigidan Garejin Gyaran Babura Na Unguwar Zariya, Maradi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Maigida, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da yaran gareji baki ɗaya. Na rubuto wannan takarda ne a madadin abokaina da muke haɗuwa a ƙarshen mako da baburanmu, wata rana mu nufi tabkin Madarunfa, wata rana Tibiri, in aljihu ya yi nauyi mu miƙa hanya har Tasawa. Mun daɗe muna yi muku godiya da baki, a wajen biyan kuɗin gyara ko in mun haɗu a masallaci. Abokai suka ce hakan bai wadatar ba, a rubuta inda mutanen Maradi za su karanta, tunda yabon gwani ya zama dole.

Babban abin da muke gode muku a kai shi ne ba ku ɓoye mana sani. Makanikai suna da yawa a garin nan, daga Sabon Gari har Ali Ɗan Sofo, kuma akwai ƙwararru a cikinsu, ba mu raina hannun kowa ba. Sai dai an saba mai moto ya ajiye abin hawansa a ce masa ya je ya dawo da la'asar, ya dawo ya biya, ya tafi bai san abin da aka taɓa ba. A wurinku benci ake tura wa mutum, a ce zauna ka gani. Kuna kwancewa kuna bayani, kuma duk abin da aka cire sai an damƙa wa mai shi tsohon a hannu.

A kan wannan benci yawancinmu muka fahimci cewa ƙura ta fi doguwar tafiya kashe inji. Ina tuna wata safiya cikin hunturu da kuka zaro matatar iska daga babur ƙirar Kasea na wani abokinmu, sosonta ya koma ja wur, kuka buga shi a tafin hannu ƙura ta tashi. Kuka sa shi ya wanke da kansa cikin kalanzir, kuka hana shi murɗewa don kada soson ya yage, sai dai ya matse a hankali ya shanya a inuwa, in ya bushe ya ɗiga masa baƙin mai sabo kaɗan ya mulmule. Sannan kuka ɗauko wani tsohon fisto daga ƙarƙashin tebur, duk jikinsa zane-zane, kuka ce aikin rairayi ne da ya sami ƙofa ya shiga ya gauraya da mai. Kuka ƙara da cewa matatar takarda ba a wanke ta, kakkaɓewa ake yi, in ta gaji a sake wata. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu yanzu babu wanda ke fita a cikinmu bai leƙa matatarsa ba.

Haka batun buji. Kun koya mana karanta bakinsa: in ya yi baƙi ƙirin da toka, man ya yi wa iska yawa, in ya jiƙe da baƙin mai, a duba cikin inji, in ya yi fari fat, injin yana ƙonewa da zafi, wanda ake so shi ne mai launi kamar soyayyar gyaɗa. Sarƙa kuma kun ce a bar mata sassauci na santimita 2 zuwa 3, a auna mutum yana zaune a kan babur ɗin, kuma kada a labta mata tsohon man bidanji, wato baƙin man da aka juye daga inji, domin yashi yake kamawa ya cinye haƙora. In za a canza ta, a canza tare da pinyon gaba da na baya, wato faifan haƙoran da take hawa. Mutane da yawa suna ganin wannan dabarar sayar da kaya ce, har sai sun ga sabuwar sarƙa ta lalace a kan tsohon pinyo kafin damina ta wuce.

Duk wanda ya san sana'a ya san wannan koyarwa rage muku ciniki take yi. Wanda ya iya wanke matata da ɗaure sarƙa da sauya mai a ƙofar gidansa ba zai kawo muku waɗannan ƙananan ayyuka ba. Kun san haka sarai, kuma ba ku fasa ba.

Mun fi sanin darajarku a shekarar 2023. A ranar 29 ga Mayu Najeriya ta janye tallafin man fetur, man ruwa-ruwa da ake sayarwa cikin kwalabe a bakin titi ya daina araha, wasu masu sayarwa suka shiga gauraye-gauraye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangaren Najeriya ba sai Maris na 2024. Kayan gyaran da ke shigo mana daga Kano da Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa suka yi wuya, jabu ya cika kasuwa. A wannan lokaci kun sayar mana da abin da ke shagonku tun da can a kan tsohon farashi har ya ƙare. Da ya ƙare, kun riƙa ajiye na asali da na jabu gefe da gefe, ku faɗi kuɗin kowanne da iya kwanan da zai yi, ku bar mutum ya zaɓa daidai aljihunsa. Abin da zai gyaru kun gyara shi maimakon a ce a sayo sabo. Na ga kun yanka gasket, shimfiɗar da ke hana mai yoyo a mahaɗar inji, da hannu daga takardarsa, kun ɗora a bakin murfi kuna bubbugawa da ƙaramar guduma har siffar ta fito, aka ɗaure bai ɗiga ko ɗigo ba. Kuma ku ne kuka sa kowannenmu ya ɗaura ƴar matatar mai a kan tiyon da ke zuwa karbureto, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya raba mu da tsayawa a daji saboda datti.

Akwai wani dattijo a cikinmu mai tsohuwar Yamaha DT 125, irin waɗanda ma'aikatan gona da na kiwo suka yi yawo da su a ƙauyuka. Injinta mai bugu biyu ne, yana ƙona mai tare da man 2T, wato man shafe inji na irin waɗannan babura, kuma yaran yanzu da suka tashi da Haojue da Boxer ba kowa ya san kansa ba. An sha ba shi shawara ya sayar da ita a kilo. Kun karɓe ta, kun ce ya yi haƙuri har a samo kayan da suka dace, ba ku soke mata na wani babur don a gama da wuri ba. Kun gyara famfon da ke tura man 2T, kun ƙone baƙin da ya toshe salansa. Yau ita ce ke gaba in mun sauka kwalta muka shiga rairayi, kuma dattijon nan ya ce lallai in sa gaisuwarsa daban.

Ba mu masu hawan sha'awa kaɗai kuke yi wa haka ba. A gabana wani ɗan kabu-kabu ya turo babur yana gumi, an ce masa a wani wuri sai an buɗe inji, kuɗin da ba ya da rabinsu. Kuka saurari ƙarar, kuka bar injin ya huce, kuka daidaita bawul, kuka busa jet ɗin karbureto. Jaka ɗaya kuka karɓa, yaron ya koma aiki kafin azahar. Wannan babur shi ne tuwon gidansu.

Muna kuma gode muku kan abin da kuke ƙin yi. Samari suna zuwa a huda musu salansa don ƙara, ko a cire madubi don kwalliya, musamman lokacin bukukuwa da ake wasa da babura a rakiyar amarya. Kuna mayar da su da kuɗinsu. Babur ba ya fita garejinku birki bai kama ba, ko da mai shi ya rantse gaggawa yake yi. Zancen hular kwano kuwa kun yi mana shi har ya shiga, ga zafin Afrilu ga komai muna sawa. Wasu suna cewa kun cika tsanani. Mu da muka je gaida abokai a asibiti da karaya, muka raka wasu makwanci, ba mu ga tsanani a nan ba.

Yaran gareji ma sun cancanci yabo. Suna da ladabi, ba a taɓa neman ko sukurudireba a akwatin babur aka rasa ba, kuma mun lura kuna sallamarsu in lokacin makarantar dare ya yi.

Muna da roƙo guda. Ƴan mata da matan aure masu hawan ƙananan babura sun yawaita, musamman ɗaliban Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankoulodo da ma'aikatan asibiti da malaman makaranta, kuma da yawansu suna jin nauyin zama a benci cikin maza. In za ku ware musu safiya ɗaya a wata ku nuna musu duba mai da iskar taya da birki, mu za mu ɗauki nauyin tabarmi da rumfa da ruwan sha, mu kuma sanar da ƙannenmu da matanmu.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya ƙara lafiya da buɗi, ya jiƙan magabata, ya shirya zuri'a.

Naku,
Ɗaya daga cikin masu hawan babur na ƙarshen mako, a madadin sauran abokai, Maradi.