Al'ada ba ta tsere wa jini ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan maganar da wasu masana a Amurka ke yi, wai yanzu ilimi da al'ada ne ke jan ragamar ɗan Adam, canjin da jiki ke yi daga kakanni zuwa jikoki ya koma ɗan rakiya. Hujjarsu ita ce mai raunin ido ya sa tabarau, haihuwa ta zo da gardama a yi tiyata, ga rigakafi, to me ya rage wa jiki. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ni ban yarda an tsere masa ba.

A duba sikila mana. Tun 1954 wani masanin kimiyya, Anthony Allison, ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS, wato wanda ya gaji jinin sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai, na da kariya daga maleriya mai tsanani, shi ya sa jinin ya yaɗu a inda sauro ya yi katutu, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Kuma maleriyar nan tana nan daram, ruwa na sauka ka leƙa ɗakin yara a asibiti ka ga biyu uku a gado ɗaya, wannan ƙarin ruwa wancan ƙarin jini, wanda aka kawo da wuri ya tashi, wanda kuɗin mota ya hana iyayensa sai abin da Allah ya yi da ƙarfin jininsa. Wallahi abin na ci mini rai. Su masu maganar ƙasashen da asibiti ke bakin ƙofa suke kallo.

Ga kuma madara. Yawancin manya a duniya cikinsu ba ya ɗaukar ɗanyar madara, amma Fulani da yawa suna sha lafiya lau har tsufa, dubban shekaru na kiwo ne suka gyara jikin. Kiwo kuwa ai al'ada ce.

A 2024 ma Kano ta yi dokar gwaji kafin aure, har da na jinsin jini. AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai cutar sikila, to in saurayi da budurwa suka haƙura da juna saboda takardar lab, ai shawarar mutane ce ta shiga cikin jinin 'ya'yan da za a haifa. Al'ada da jini tare suke tafiya, kowa na taɓa kowa.

Roƙona ku gayyato likitan jini ya yi wa iyaye bayanin nan da Hausa, don har yanzu wasu sai an sa rana an kai lefe ake tuna gwaji.

Naku,
Mai karatu daga Zariya